Yadda ake ciro haruffan ƙarshe na rubutu a R

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a haɗa substr (umarnin da ke yanko wani ɓangare na rubutu) da nchar (wanda ke ƙirga yawan haruffa), tunda R, harshen rubuta umarnin kwamfuta, ba ta zo da umarni na musamman irin RIGHT na Excel, mai ciro haruffan ƙarshe, ba. In haruffa 3 na ƙarshe ake so, sai a rubuta substr(x, nchar(x) - 2, nchar(x)), inda x ke nufin rubutun. A lura, 2 ake cirewa ba 3 ba. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Wasu sun fi son kunshin stringr (tarin ƙarin umarni na sarrafa rubutu a R), inda str_sub(x, -3) ya wadatar, domin lamba mai alamar ragi daga baya take ƙirgawa. A ganina wannan ya fi daɗin karantawa.

An kuma ja kunne kan sararin da ke maƙalewa a ƙarshen rubutu: a fara share shi da trimws, in ba haka ba "Kano " zai ba da "no " maimakon "ano".