Tafiya a inuwar itatuwa lokacin bazara: neman shawara

Malama daga Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Likita ya umarci mahaifina, wanda ke fama da hawan jini, da ya riƙa tafiya a ƙasa ta minti 30 kullum, ga shi kuma bazara ta kama, zafin Sakkwato a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Na lura cewa idan muka bi layin da dogon yaro ya yi wa rumfa ba ya gajiya kamar yadda yake yi a wasu wurare, har yakan tsaya ya shaƙi ƙamshin furensa. Shin inuwar itace ta bambanta da ta rumfar kwano ne, ko kuwa zatona ne kawai?

Malamin aikin gona:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ba zato ba ne. Kwano yana tare rana, amma shi kansa yana ɗaukar zafi ya sauko da shi a kan wanda ke ƙarƙashinsa, alhali itace yana jawo ruwa da saiwarsa daga can cikin ƙasa, ya fitar da shi ta ƙananan ƙofofin ganye, ruwan ya tafi da zafin iskar wurin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan da ke cikinta. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, ba ya tsiraita da rani, shi ya sa aka cika garuruwan Arewa da shi. Shawarata ita ce ku fita bayan sallar Asuba, kafin ƙarfe 8, ku riƙe ruwan sha. Idan da hali, ku leƙa lambunan mangwaro na fadamar gulbin Rima, domin can da safe iskar daban take.

Dattijo daga Wurno:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kike kula da mahaifinki. Ni itacen da nake so a riƙa tunawa da shi shi ne gawo, domin al'amarinsa ya sha bamban da na sauran. Da damina, lokacin da gero ke buƙatar rana, sai ya zubar da ganyensa ya zama taki, da rani kuwa, bayan komai ya bushe, sai ya yi kore shar, tumaki da awaki su taru a gindinsa suna tsintar 'ya'yansa. A gonarmu ta gado akwai guda 4, kuma zangarniyar geron da ke ƙarƙashinsu kullum ta fi ta sauran gonar kauri. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun farfaɗo da gonakinsu tun daga shekarun 1980 da abin da suke kira sassaben zamani, wato idan kututture ya yi toho ba a sare shi duka, sai a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi su girma. Abin da ke ci mini rai shi ne, bara masu gawayi sun shiga da dare sun kayar mini da wata tsamiya da na taras tun ina yaro, wadda a inuwarta muke hutawa lokacin ayyukan gona.

Malama daga Runjin Sambo:
Na gode ƙwarai, Malam, na gode Baba, Allah ya mayar maka da alheri. Gobe in sha Allahu za mu fara fita bayan Asuba. Mahaifina ya ce a tambaye ka, ko za a iya dasa gawo a ƙofar gida idan damina ta sauka, ko kuwa sai a gona yake yi?