Alhaji ya ce a kashe afdet gaba ɗaya, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya

Ɗan Runjin Sambo:
Assalamu alaikum manyanmu da 'yan'uwa na wannan zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin dillancin kayan masarufi a nan cikin garin Sakkwato, shinkafa da sukari da man girki da taliya. Babban ofis da sito suna kusa da babbar kasuwa, akwai reshe a Illela da wani a Tambuwal. Asali ba aikina ba ne. Wanda ya haɗa komai wani bawan Allah ne da ya koma Abuja, ya tafi bai bar ko takarda ɗaya ba, kalmar sirrin rauta, na'urar da ke raba mana intanet, ma sai da aka yi ta binsa a waya. Ni kawuna ne ya kai ni wurin Alhaji saboda tare suka tashi, aka ce in riƙa leƙowa. Daga leƙowa na koma kullum ina can, albashi kuwa har yau na mai leƙowa ne. Shagona na gyaran laftof na bar wa ƙanena, shi ma kwastomomi sun fara ƙorafi a kansa, amma wannan wata magana ce.

Sabar ɗaya gare mu, wato babbar kwamfutar da sauran ke shiga su yi aiki, Windows Server 2016, a kanta manhajar lissafi da ta sito suke. Cikin azumin da ya wuce ta ɗauko afdet, wato sabuntawar Windows, da daddare, ta shiga sake kunna kanta, ana tsakiyar haka aka ɗauke wuta. Batirin UPS kuma, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, zafi ya riga ya cinye shi. Da safe allo sai juyawa yake, motoci sun yi layi a ƙofar sito, ba a iya buga rasit ko ɗaya ba sai bayan azahar. Alhaji ya zo da kansa, a gaban 'yan dako ya ce wannan afdet ɗin kada ya ƙara jin sunansa a kamfaninsa. Na kashe shi a sabar da sauran kwamfutoci duka, tun lokacin kuma lafiya lau.

Yanzu waɗanda suka sayar mana da manhajar lissafi sun ce sabuwar sigarsu ba za ta hau ba sai an sabunta Windows. Kuma kwamfutar kashiya a Illela ta fara wasu abubuwa da ban gane ba. In kunna afdet ko in bari? In na kunna, duk na watannin da suka wuce zan bi ɗaya bayan ɗaya? In ta sake tsayawa wallahi aikina ne, kuma kawuna ne zai ji kunya.

Injiniya Gawon Nama:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kunna, babu wata shawara bayan wagga. Sabar da ba a yi ma afdet ba tun azumi ba lafiya lau take ba, ba a kai gare ta ba dai tukuna. Ka tuna WannaCry, manhajar nan mai garkuwa da bayanai? Ran 12 ga Mayun 2017 anka sake ta, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, asibitocin Ingila sunka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Alhali Microsoft ta fitar da gyaran ramin da ta bi ta shiga tun 14 ga Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda abin ya ci, mafi yawansu gyaran shina nan ba su sa ba. Tun 2003 tsarin guda na: Talata ta biyu ta kowane wata ake sakin afdet, da yamma a agogonmu. Daga wannan daren masu kutse ke zama su duba mi anka gyara, su nemi wanda bai gyara ba. Abin da za ka yi shi na ka kafa WSUS, manhajar Microsoft mai raba afdet cikin ofis. Ita ka sauko da afdet sau ɗaya, kai ka amince da wanda kaka so, sannan ta raba ma kowa. Ni haka nika yi duk inda nike aiki, ban taɓa samun matsala ba.

Baban Ikram:
Injiniya, a yi a hankali. Abin da ke aiki ba a taɓa shi. Ran 19 ga Yulin 2024 ba masu kutse ne suka tsayar da filayen jiragen sama da bankuna a duniya ba, afdet ne na CrowdStrike, wani kamfanin tsaron kwamfuta. Kwamfuta miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft da kanta. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu injiniyoyi birjik, ina ga mutum ɗaya mai UPS marar batir? Ni a wurin aikina da firinta ta daina bugawa ta netwok, manajanmu bai tambayi dalili ba, takardar gargaɗi kawai ya ba ni. Mutumin da bai san bambancin monita da kwamfuta ba. Na rubuta a sayo batira tun bara, takardar tana kan teburinsa, amma kujerar ofishinsa an canza ta. Ranar da komai ke tafiya daidai ba wanda ya san da kai, ranar da ya tsaya kai ne ɓarawo. Ɗan Runjin Sambo, ka bi maganar mai biyanka.

Injiniya Gawon Nama:
Baban Ikram, kana haɗa abin da ba ya haɗuwa. Na CrowdStrike fayil na da manhajar tsaronsu ta tura ma kowa lokaci guda, ba afdet ɗin Windows ba na. Kuma darasin da anka ɗauka shi na a riƙa sakin abu kashi-kashi, ba wanda ya ce a daina. Irin shawararka ita ta sa rabin ofisoshin garin ga har yau suna bisa Server 2012, wadda tallafinta ya ƙare tun 10 ga Oktoban 2023.

Maman Sultan:
Kafin a yi gardamar kunnawa da kashewa, ƙanena akwai abubuwan da ba ka faɗa ba. Ina bakof ɗinka yake, wato kwafin ajiya na bayananku, kuma ka taɓa dawo da shi a wata na'ura ka ga ya buɗe? Ta wace hanya Illela da Tambuwal suke shiga sabar? Wace Windows ce a kan sauran kwamfutocin? Kuma "wasu abubuwa" da ta kashiya ke yi, mene ne su?

Tambayarka ta watannin baya tana da sauƙi. Afdet ɗin Server 2016 na tarawa ne, na wannan watan ya ƙunshi duk na baya, ba sai ka bi su ɗaya-ɗaya ba. Sai dai ka fara sa na gyaran injin afdet ɗin kansa, wanda suke kira SSU, sannan babban. Babban ya haura gigabait ɗaya, kuma 2016 an san ta da jinkiri wajen sa shi, tana iya cin awa ɗaya ko fiye tana nuna kamar ta tsaya. A nan mutane ke kashe ta da hannu su lalata komai.

Abin da ya same ka cikin azumi matsalar wuta ce da lokaci. Ka saita sabar a Group Policy, inda ake kafa wa Windows dokoki, ta sauko da afdet amma kada ta sa sai ka ce. Ka zaɓi dare ɗaya a wata, kwana bakwai zuwa goma bayan Talatar da Injiniya ya ambata, don in akwai ɓaraka a afdet ɗin a ji ta a bakin wasu. Ya faru a Janairun 2022, na wannan watan ya sa wasu sabobi suna ta sake kunna kansu har sai da aka fitar da gyaran gaggawa. A daren, janareta a kunne tun kafin ka fara, cikakken bakof a hannu, kai kuma kana zaune a gabanta. Sauran kwamfutoci ka fara da guda biyu da ba a karɓar kuɗi a kansu, in sun kwana biyu lafiya ka bi da saura, reshe ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Runjin Sambo:
Na gode Hajiya. Bakof akwai, kullum da daddare yana zuwa wani faifan ajiya da ke maƙale a bayan sabar. Ban taɓa dawo da shi ba saboda ba ni da na'urar da zan gwada a kai, amma kullum yana nuna ya kammala. Rassa da Remote Desktop suke shiga, wato hanyar sarrafa sabar daga nesa ta intanet, haka na tarar. Amma na canza lambar ƙofar netwok da suke shigowa ta ita daga 3389 zuwa wata da ba wanda zai yi tsammani, don haka ta nan ba na jin tsoro. Kwamfutocin Windows 10 ne, in ban da biyu. Maganar janareta da daddare kuwa, makullin ɗakin yana hannun maigadi, man kuma sai akawu ya sa hannu. Ba kamar wurin aikinku ba ne.

Injiniya Gawon Nama:
Inna lillahi. Remote Desktop a buɗe ga intanet, bisa sabar da ba ta da afdet, kuma kana cewa ba ka jin tsoro? Canza lamba ba tsaro ba na, masu bincike na bin ƙofofi 65,535 duka cikin ɗan lokaci. Kuma faifan da ke maƙale ga sabar, ranar da manhajar garkuwa da bayanai ta shigo tare za ta kulle su, ka wayi gari ana neman kuɗin fansa. Rufe wagga ƙofa yau, ka sa VPN, wato ɓoyayyar hanyar shiga mai tsaro, bisa rauta. In rautar ƙirar MikroTik ta, ita ma ka sabunta ta, an sha mutane ta Winbox, manhajar saita ta, a 2018. Windows 10 ɗin naka ma tallafinta ya ƙare tun 14 ga Oktoban 2025. Na ce maka WSUS. Da ka ji magana da yanzu mun wuce nan.

Sadiq na Jami'a:
Yallaɓai Injiniya, da girmamawa, Microsoft ta sanar tun Satumban 2024 cewa ta daina bunƙasa WSUS. Tana aiki har yanzu, amma ba sabon abin da za a ƙara mata. A Oktoban 2025 ma ita kanta aka samu babban rami a cikinta har aka fitar da gyaran gaggawa. Kuma a ina zai ɗora ta, a kan sabar guda ɗin da ke ɗauke da lissafi? Ga kwamfutoci 'yan kaɗan Group Policy ya isa, sannan Delivery Optimization yana sa kwamfutocin ofis ɗaya su raba abin da ɗaya ta sauko da shi, data ta ragu. Batun na'urar gwaji kuma, yaya, akwai manhajar Disk2vhd kyauta. Ka ɗauki kwafin faifan sabar gaba ɗaya da ita, ka tashe shi a Hyper-V, manhajar da ke kunna kwamfuta a cikin kwamfuta, a kan laftof mai ƙarfi ba tare da haɗa shi da netwok ba, ka sa afdet a can ka ga ko manhajar lissafi za ta buɗe.

Injiniya Gawon Nama:
Sadiq, ka gama karatu tukuna. Abin da kaka karantawa mu mun yi shi da hannu.

Abu Illela:
Ku duk kuna magana kamar kuna Abuja. A nan Illela in netwok ya ga dama awa guda ba ka sauke megabait ɗari ba. Ni POS nake yi da ɗan shagon buga takardu, ranar Lahadi da kasuwa ke ci mutane sun cika gari, layin ma ɗaukewa yake. Na sayi data ta wata, kwamfuta ta shanye ta cikin dare ɗaya da sunan afdet, na kira kamfanin layin suka ce in kashe in kunna. Tun ranar na saita layin a Windows a matsayin layi mai awo, don ta rage shan data. Duk abin da za ku yi wa reshen nan kada ku yi shi Asabar da dare, in ta ƙi tashi ran Lahadi Alhajinku sai ya kore ku duka. Ka sauko da fayil ɗin a Sakkwato ka kawo a filas, motar Illela ba ta yankewa.

Maman Sultan:
Shawarar Abu ta filas tana da kyau, ana samun fayilolin a shafin Microsoft Update Catalog. Amma ƙanena har yanzu ba ka ce me kwamfutar kashiya ke yi ba, kuma ita ce ta fi damuna tunda tana shiga sabar kai tsaye. Ka cire ta daga netwok har a duba. Bakof da ba a taɓa dawo da shi ba ba a san ko bakof ba ne. Ka sayi faifai na biyu, ka riƙa musanya su, ɗaya yana kwana a wani gini.

Kuma ka rubuta wa Alhaji takarda, shafi ɗaya, da Hausa. Kada ka ce afdet tunda ya tsani kalmar. Ka ce akwai gyaran wata-wata na awa uku da dare, ga kuɗin mai, ga kuɗin batir, ga abin da zai tsaya in ba a yi ba. Ka sa masa cewa Server 2016 ɗin kanta tallafinta zai ƙare 12 ga Janairun 2027, Windows 10 kuma sai dai a biya kuɗin ƙarin tallafi, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, ko a koma Windows 11 in na'urorin suna da ɓangaren tsaro na TPM 2.0. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuna riƙe da sunaye da lambobin wayar kwastomomi, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe ku, kutse mai haɗari ana kai rahotonsa ga hukuma cikin awa 72. Ya sa hannu ko ya ƙi, ka ajiye kwafi.

Ɗan Runjin Sambo:
Hajiya ba ku san Alhaji ba ne. In na kai masa takarda ya sa hannu zai ce na mayar da shi abokin shari'a, kuma maganar za ta koma wurin kawuna kafin magariba. Ta kashiya ba wani abu ba ne sosai, linzamin ne wani lokaci yake motsi da kansa, ina jin ƙura ce, kun san Illela. Ba zan iya cire ta ba, ita kaɗai ce a reshen. VPN kuma na taɓa kawo maganar, wanda ya haɗa mana netwok ya ce zai rage gudu. Ni dai abin da nake so in sani, ba yadda za a yi manhajar lissafin ta hau ba tare da an taɓa Windows ɗin ba?

Baban Ikram:
Ka matsa wa masu manhajar, su suka ci kuɗinku. Namu ma haka suke, kowace shekara sabon dalilin karɓar kuɗi.

Injiniya Gawon Nama:
Linzami na motsi da kanshi ka ce ƙura? Turo man lambarka ta akwatin sirri, in zo in gani da idona. Amma ba kyauta ba.

Ɗan Runjin Sambo:
To Yallaɓai, sai na ga yadda ƙarshen wata ya yi. Kafin nan, wa ya san inda ake samun batirin UPS mai 12V 9Ah na gaske a garin nan? Na wajen da muke saya ba ya kai zafi biyu.