Sonic na farko: in sayi Mega Drive saboda shi, ko in haƙura?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutu ya kusa, ina so in haɗa yarona mai shekara 9 da gem ɗin Sonic. Wani yana son sayar min da Mega Drive, tsohuwar na'urar gem ta Sega, ta asali, samfurin farko, ta Turai, da hannun buga gem guda ɗaya da kaset ɗin Sonic 1, amma babu adafta. Talabijin ɗina ta zamani ce, tana da ramin AV. Shin Sonic na farkon zai riƙe yaron da ya saba da gem ɗin waya? Kuma na'urar ta cancanci kuɗinta?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Sonic 2 za ka nema, na 1992. A cikinsa aka fara dunƙulewa a tsaye a tara gudu sannan a harba, ga Tails abokin Sonic, mutum biyu su buga tare.

Malam Sega: Ɗan Fagge, bawan Allah ya ce hannu ɗaya ne, kaset kuma na 1. Baban Ilham, gem ɗin yana nan da daɗinsa, matuƙar ka san abin da ka saya. Mutane Green Hill, yankin farko, kaɗai suke tunawa, sai su ɗauka gudu ne daga farko har ƙarshe. Yankuna shida ne, kowanne mataki uku, sannan faɗan ƙarshe da Robotnik, abokin gabar Sonic. Green Hill, Spring Yard da Star Light su ne na gudu. Marble kuwa turin dutse ne da jira a kan narkakken dutse, Labyrinth cikin ruwa, Scrap Brain tarko ta ko'ina. Rabin gem ɗin haƙuri yake so.

Abin da bai tsufa ba shi ne nauyin jikin Sonic yadda Yuji Naka ya tsara shi a 1991. Idan ka danna ƙasa a kan gangara ya dunƙule, gudun da ya tara shi zai hau da shi tudu na gaba. Ba a ba ka gudu kyauta, kai kake nemo shi daga yanayin ƙasa. Matakai da yawa kuma suna da hanyar sama da ta ƙasa: ta sama ta fi sauri da zobba, ta ƙasa ta fi ƙayoyi. Yaro mai son gano hanya zai daɗe a kai.

Inda yara ke ajiye hannu shi ne Labyrinth. Numfashin Sonic a ruwa daƙiƙa 30 ne, sai ƙidaya ta fito daga 5. Ka koya masa ya tsaya a wurin kumfa ya jira babban, ƙananan ba sa ba da iska. Sannan kaset ɗin ba ya ajiye inda aka tsaya: rai uku, idan sun ƙare kuma babu damar ci gaba, sai daga Green Hill. Maganinsa, a fuskar farko a danna sama, ƙasa, hagu, dama, a ji ƙarar zobe, a riƙe A a danna Start, jerin matakai zai fito.

Mai Gyara Sabon Gari: Duk wannan bayanin banza ne idan na'ura ta ƙone a ranar farko. "Babu adafta" ɗin nan shi ne abin tsoro. Samfurin farko yana cin 9 zuwa 10 volt DC, amfiya 1.2, kuma tsakiyar bakin wayar negatif ne. Yawancin adaftocin da ke yawo a kasuwa, irin na rauta, tsakiyarsu fositif ne, bakin kuma yana shiga daram. Waɗanda ake kawo min a mace kusan duk labarinsu ɗaya: mai shago ya ce "ai duk 9 volt ne", aka jona, aka ji wari. Idan an yi sa'a 7805 ɗin da ke daidaita wuta ne da kafasito, a canza. Idan ba a yi sa'a ba wutar ta wuce ciki, sai dai a cire kayan gyara. Abin da ya fi ƙona min rai, mai shagon ba ya taɓa amsa laifi, sai ya ce na'urar ce tsohuwa. Na'urar da ta yi shekara 30 tana aiki, a kashe ta cikin minti ɗaya! Kada a sa adaftar NES, na'urar gem ta Nintendo, AC take bayarwa. Adaftar Mega Drive ta Amurka kuma ta wutar 120 ce, tamu 230. A duba zanen da ke jikin adafta, a gwada da mita kafin a jona.

Abu Damagaram: Gaskiya ne Malam. Ƙari kuma, ta Turai a 50Hz take tafiya. Sonic 1 ba a gyara shi don haka ba, saurinsa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan yana ja, ga baƙin layi sama da ƙasa. Wayar AV ɗin ma mai zagayen baki ce, fil 8, sauti ɗaya take fitarwa ta baya. Sitiriyo sai ta ramin abin kunne na gaba.

Ɗan Fagge: To me ya kai shi wannan wahala? Sandar gem ta HDMI, wadda ake soka wa talabijin, naira dubu 18, hannu biyu, Sonic duk suna ciki.

Hajiya Gem: Dubu 18 a ina? Ƙasa da dubu 30 ban gani ba a watan nan, sai dai mai ƙaramin memori.

Ɗan Fagge: Hajiya, ai ke ba kya taya kaya ne.

Mai Gyara Sabon Gari: Ko dubu 5 ce ba na ba da shawararta. Hannun mara waya yana jinkiri, talabijin ma tana ƙara nata. A Sonic, jinkiri kaɗan ya isa ka faɗa ƙaya.

Malam Sega: A nan ma akwai abin lura a kaset na asali: idan ƙaya ta buge ka, ka sake sauka a kan wata, ɗan lokacin kariyar da Sonic ke samu bayan an buge shi ba ya aiki, mutuwa ce nan take. Sigar waya ta 2013 da Christian Whitehead ya yi ta gyara wannan, ta ƙara dunƙulewar Sonic 2, tana ajiye inda aka tsaya. Ga yaro, ita ce ta fi sauƙi, amma a haɗa da hannu, shafa gilashi ba ya yi.

Ɗan Fagge: Mai Gyara kai cikin na'ura ka sani, ka taɓa kai wa Scrap Brain kuwa? A bar masu bugawa su yi magana.

Mai Gyara Sabon Gari: Ɗan'uwa, mutumin kuɗi zai fitar a kan na'ura. Wanda ya san cikinta ya fi cancanta a saurara.

Sarkin Zobba: Ni dai kiɗan nutsewar Labyrinth nake so a sa wa masu bashi a matsayin ƙarar waya, wallahi da gudu za su biya 😂

Hajiya Gem: Allah ya shirye ka. Amma maganar sandunan nan, ƙaryar da ke jikin kwali ita ce ke damuna. A rubuta gem dubu 10, ka buɗe ka tarar Sonic ɗaya an jera shi sau da yawa da suna daban, wasu da Japananci, wasu ba sa buɗewa. Memorin kuma na jabu ne, ya lalace komai ya tafi. Duk wanda ya saya ya fara kwafe shi a kwamfuta.

Abu Damagaram: Tun zamanin kaset mai "9999999 a 1" haka suke yi, gem ƙalilan ne suke juyawa. Kuma mai shago ba ya yarda a gwada sai an biya.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. To idan na samo adaftar da ta dace, in saya ke nan? Jinkirin talabijin fa?

Mai Gyara Sabon Gari: Ka kunna Game Mode, saitin talabijin da ke rage jinkiri, idan tana da shi. Amma kafin nan, da janareta kuke kallo ko da sola? Don ƙaramin janareta idan aka kashe firji wutarsa tana tsalle, kuma adaftocin yanzu marasa nauyin nan ba sa jurewa.

Hajiya Gem: Ai stabilaiza ma yanzu jabunta ta fi ta gaske yawa. Wace iri kake sa wa a shago, Malam?