Neman shawara: yaya makarantun Katolika suke ɗaukar malamai?

Mai neman shawara, daga Bauchi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar koyarwa a makarantun mishan. Na kammala digiri a fannin kemistiri a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, na yi bautar ƙasa, sai ga wata sakandaren Katolika a nan cikin gari ta ba da sanarwar tana neman malamin kimiyya. Na miƙa takarduna, kuma an kira ni intabiyu mako mai zuwa. Ni Musulma ce mai sanya hijabi, sannan ba ni da takardar shaidar koyarwa. Ina so in san wanda yake yanke hukunci, firinsifal ne ko coci, da abin da suke dubawa, da kuma ko addinina zai hana a ɗauke ni.

Tsohon mataimakin firinsifal, daga Kaltungo:

'Yata, barka da ƙoƙari. Ni Katolika ne, kuma na daɗe ina zama a kwamitin ɗaukar malamai. Makarantun nan mallakar dayosis ne, wato yankin coci da ke ƙarƙashin bishop, ko ta ƙungiyar Sistoci ko Fadoji, kuma Dayosis na Bauchi shi ne ya haɗa jihohin Bauchi da Gombe. Firinsifal, wanda sau da yawa Fada ne ko Sista, shi ke jagorantar intabiyu tare da mataimakinsa da shugaban sashen da ake neman malami, sannan a makarantun dayosis akan sanar da ofishin ilimi na dayosis kafin takardar kama aiki ta fito. Amma maganar firinsifal ce ta fi nauyi, domin shi zai zauna da ke kullum.

Abin da ya fi yanke hukunci shi ne darasin gwaji. Za a ba ki maudu'i da alli, a shigar da ke aji na gaske, firinsifal ya zauna a bencin ƙarshe da takarda a hannu. Ba ilimin kemistiri kaɗai yake aunawa ba, tunda digirinki ya riga ya shaida wannan. Yana duba ko kina juya wa yara baya kina magana da allo, ko muryarki tana kai wa ƙarshen aji, ko kin lura da yaron da ke bakin taga bai rubuta komai ba, da kuma yadda za ki yi idan yarinya ta ba da amsar da ba daidai ba a gaban ƙawayenta. Na sha ganin mai sakamako mai kyau ya faɗi a nan, mai matsakaicin sakamako ya wuce saboda ya iya riƙe aji. Bayan kin fita, wani firinsifal yakan tambayi ɗaliban abin da suka fahimta. Ki kuma tabbata mutanen da kika rubuta a matsayin masu tsaya miki sun san da maganar, domin ana kiransu a waya.

Game da addini, ba zan ɓoye miki ba: darasin addinin Kirista nasu ne, kuma idan mutum biyu suka yi kunnen doki, wanda ya zo da wasiƙar Fadan cocinsu yakan samu fifiko. Sai dai malamin kemistiri da fiziks da lissafi wuyar samu gare shi, kuma iyaye sakamakon WAEC da NECO suke kallo kafin su biya kuɗin makaranta.

Malama, daga Gombe:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ni ma Musulma ce, na koyar da lissafi a irin wannan makaranta, kuma ban ga wulaƙanci ba. Duk da haka ki yi maganar hijabi da sallar azahar tun a ɗakin intabiyu, cikin ladabi, domin kowace makaranta da ƙa'idar suturarta. Ki tambaya kuma me ake bukata daga gare ki a taron safe da ranakun da ake addu'ar coci. A inda na yi aiki, tsayawa da ɗalibaina da kula da natsuwarsu kawai aka nema. Duk abin da aka amince miki, ki roƙa a rubuta shi a takardar kama aiki. Sistar da ta ɗauke ni aiki, da baki ta ba ni izinin fita salla, da aka yi mata canjin wurin aiki sai da na sake neman izinin daga farko a wurin wanda ya gaje ta.

Ma'aikacin ilimi, daga Azare:

Malama, rashin takardar koyarwa ya fi damuna a kan batun addini. A tsarin ilimin Nijeriya NCE ce mafi ƙarancin shaidar malami, mai digirin da ba na koyarwa ba kuma sai ya yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, ko makamanciyarta kafin ya yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da dokar 1993 ta kafa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tana gudanar da PGDE a cibiyoyinta na jihohi, ana iya haɗa shi da aiki. Ki gaya musu kin shirya farawa. Kada kuma kunya ta hana ki tambayar albashi, da tsawon lokacin gwaji, da ko ana biya a dogon hutu, da batun fansho.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, za su faɗa mini maudu'in darasin tun kafin ranar, ko sai na je?

Tsohon mataimakin firinsifal:

Wasu suna faɗa, wasu sai kin iso. Ki kira ofishin makarantar gobe ki tambayi ajin da za ki shiga, sannan ki shirya darasi biyu daga manhajar aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare, kowanne na minti arba'in, ki tafi da su a rubuce.