Takardar izinin haƙa rijiyar burtsatse a gida: wa ke bayar da ita a Garwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ina gini a bayan garin Garwa da ke Kamaru, inda ruwan famfo bai kai ba. Filin mita 20 ne da 15. Ina son haƙa rijiyar burtsatse don amfanin gida kawai, ba don sayarwa ba, da kuma ramin salga na siminti. Takardar izinin gini tana hannuna, amma ba ta ambaci rijiya ba ko kaɗan.

Mai injin haƙa ya ce ba zai shigo da motarsa ba sai ya ga takarda. Ofishin da na fara zuwa suka ce ba hurumin su ba ne, suka tura ni wani. Can kuma aka ce dokar ruwa ta 1998 masana'antu da masu sayar da ruwa take nema wa izini, gida ba ya ciki. Na roƙi su rubuta mini hakan, suka ƙi.

Ga kuma tazara. Masana lafiya suna ba da shawarar mita 30 tsakanin rijiya da salga, filina kuwa ko daga kusurwa zuwa kusurwa mita 25 ne. Salgar maƙwabcina tana jikin katangata. Damina na matsowa, in ƙasa ta jiƙe motar ba za ta shiga unguwar ba.

Wanda ya haƙa tasa a Garwa kwanan nan, don Allah wane ofishi ne ya sa masa hannu a rubuce kafin a fara haƙa?