Kowa amsarsa "Alhamdulillah", bincikena ya tsaya cak

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina binciken kammala digiri kan yadda fursunoni maza ke sabawa da zaman gidan gyaran hali, a wani ƙaramin gida nan Jigawa, duk Talata nake hawa mashin daga ƙauyenmu. Na mayar da tambayoyin binciken zuwa Hausa, barci, cin abinci, faɗa da 'yan ɗaki, tunanin iyali, kowacce a zaɓi 1 zuwa 5. Yawancinsu ba su yi boko ba, ni nake karanta musu, ga gandiroba tsaye a bakin ƙofa. Kowa sai ya ce lafiya lau Alhamdulillah. Wani dattijo idonsa jawur don rashin barci, hannunsa har rawa yake, amma ya ce in rubuta masa 5, wato lafiya lau, wallahi abin ya tsaya min a rai. Na gwada tsakuwa biyar maimakon lamba, na cire suna daga fom, ba abin da ya canza. Masu jiran shari'a kuwa gani suke takardar gaban alƙali za ta je, duk rantsuwar da na yi.

Ya zan tsara tambayar barci da damuwa yadda mutum zai faɗi gaskiya bai ji kamar ya butulce wa Allah ba?