Macijin gonar Aidan: Shaiɗan ne ko dabba?

Malamin makarantar Lahadi: Salama, 'yan'uwa. Jiya ina koya wa yara Farawa sura 3, na ce Shaiɗan ne ya ruɗi Hauwa'u. Sai wata yarinya ta ɗora yatsa a kan shafin ta ce, "Malam, ina sunan Shaiɗan a nan?" Na bi surar daga aya 1 har 24, babu. Maciji kawai aka ce. Abin ya tsaya mini a rai.

Dattijon ikkilisiya: Ɗana, kwantar da hankalinka. Littafi ne ke fassara kansa. Buɗe Wahayin Yahaya 12:9 da 20:2, can an kira shi tsohon maciji, Iblis, Shaiɗan.

Ɗalibin tauhidi: Baba, a gafarce ni, da sauran magana. Farawa ta lissafa shi cikin dabbobin da Allah ya halitta, hukuncinsa kuma jan ciki ne da cin ƙasa. Inda Shaiɗan ya fito a Ayuba 1 da Zakariya 3, ba a haɗa shi da gonar ba ko kaɗan. Haɗin daga baya ya zo.

'Yar'uwa daga Katolika: Mu muna da shi a Hikimar Sulemanu 2:24, cewa ta hassadar Iblis mutuwa ta shigo duniya. Littafin dai ba ya cikin Baibul ɗinku.

Shugabar zumuntar mata: Ni ba macijin ne ke ci mini rai ba. Tun ina yarinya nake jin "mace ce ta jawo mana". Alhali a Farawa 2:16-17 Adamu aka ba umarnin kada ya ci 'ya'yan itacen da aka hana, tun ba a yi Hauwa'u ba. Bulus ma a Romawa 5:12 ta mutum ɗaya ya ce zunubi ya shigo, Adamu kuwa yake nufi.

Dattijon ikkilisiya: Mama, shi Bulus ɗin ne ya ce a 1 Timoti 2:14 macen aka ruɗa, ba Adamu ba.

Shugabar zumuntar mata: To ka gani, Baba. Ita ruɗinta aka yi, shi kuwa da saninsa ya ci. Wa ya fi laifi?

Ɗalibin tauhidi: Magabatan ikkilisiya ma sun rabu a nan. Ogustin na Hippo ya ce girmankai ya riga shiga zukatan Adamu da Hauwa'u, shi ya sa maciji ya samu ƙofa. Ireniyus na Liyon, tun ƙarni na 2, ya ɗauke su kamar yaran da ba su gama girma ba, aka yaudare su.

Malamin makarantar Lahadi: Na gode. Amma ranar Lahadi yarinyar za ta dawo. Me zan ce mata?

Dattijon ikkilisiya: Ka ce mata ta yi daidai, sunan ba ya cikin surar. Sannan ka buɗe mata Wahayi ta karanta da bakinta. Ni ma zan leƙo ajin.